Delia Keaney, Mai Riƙon Wutar Drumaneel (1921 zuwa 2004)

Haihuwa da asali

An haifi Delia Keaney a ranar 9 ga watan Fabrairun shekarar 1921, a ƙauyen Drumaneel da ke kan tuddan arewacin lardin Leitrim, a ƙasar Ireland. Sunan mahaifinta Cormac McTernan, ƙaramin manomi mai shanu uku, mahaifiyarta kuwa Sabina, 'yar gidan Travers ce na gangaren tafki. Ita ce ta biyar cikin 'ya'ya bakwai, kuma ita kaɗai ce a cikinsu Allah ya ƙaddara za a binne a ƙasar da aka haife ta.

Drumaneel ba gari ba ne, bai kuma taɓa riya hakan ba. Ba kanti, ba coci, hanyar shiga ita ce ta fita. Tsofaffi sun ce kafin babbar yunwar dankali ta shekarun 1840, gidaje fiye da arba'in ne a kan tudun, sai yunwa da jirgin ruwan Amurka suka raba mutanen a tsakaninsu. A lokacin da aka haifi Delia gidaje goma sha tara suka rage, kuma da hayaƙi ake ƙidaya su: da sassafe mutum zai tsaya a ƙofarsa ya dubi rufin maƙwabta, duk gidan da hayaƙi ya tashi, to an kwana lafiya.

Makamashin ƙauyen shi ne baƙar ƙasar fadama, wadda ake yankawa kamar tubali, a shanya ta bushe, a jibge a bayan ɗaki. Wuta ba ta mutuwa a gidan mutunci. Kafin kwanciya uwar gida za ta binne garwashi a cikin toka, da asuba ta tone ta hura, haka shekara da shekaru. Al'adu biyu ke tafiya tare da wannan wuta, kuma a kansu rayuwar Delia ta rataya tun daga farkonta har ƙarshenta. Ta farko, duk iyalin da za su yi hijira sukan ɗebi garwashin ƙarshe na murhunsu a shebur su zuba a murhun maƙwabci, domin ranar da suka dawo su karɓi wutarsu da ranta. Ta biyu, ba a fitar da wuta daga gida ranar ɗaya ga watan Mayu, ko da ta kunna lofe ce, domin wanda ya fita da ita ya fita da albarkar gidan ta shekara guda.

Karatu da ƙuruciya

A shekarar 1927 aka sanya ta makarantar firamare ta gindin tudu, inda kowane ɗalibi kan zo da tubalin fadama biyu a hammata saboda murhun aji. Ta yi fice a karatu da ɗinki, lissafi kuwa sai dai a yi haƙuri. Waɗanda suka yi zamani da ita sun shaide ta da yawan zulumi tun tana ƙarama, irin yarinyar da za ta rufe ƙofar kaji, ta yi nisa, ta sake komowa ta taɓa sakatar.

Ta bar makaranta a 1935, ta kama aikin aikatau a gidan wani mai kanti a garin Manorhamilton, inda ta shekara takwas. A tsawon wannan lokaci yayyenta da ƙannenta suka yi ta zarewa ɗaya bayan ɗaya, huɗu zuwa Amurka, biyu zuwa Ingila. A 1939 wanta Owen ya shirya mata tafiya New York, sai yaƙin duniya ya ɓarke, maganar ta bi ruwa. Daga baya takan ce ba ta san ko daɗi ta ji ko baƙin ciki ba, ta dai san ta yi barci sosai a makon.

Aure

A watan Yunin 1944 aka ɗaura aurenta da Hughie Keaney, manomi kuma magini, mutum mai barkwanci wanda bai ɗauki duniya da zafi ba. Gidan Keaney shi ne na ƙarshe a bakin hanya, saboda haka duk mai barin ƙauyen ta ƙofarsu yake wucewa, kuma tun zamanin kakanni a murhunsu ake barin garwashi. Mako guda da tarewa, surukarta Honor Keaney, tsohuwa mai kaifin harshe, ta zaunar da ita gaban murhu ta miƙa mata abin tonon wuta.

"Buɗe kunnenki, yarinya. Wannan wutar ba tamu ba ce mu kaɗai. Ta gidan Clancy na ciki, ta Rooney na ciki, da ta wasu gidaje uku da ko sunansu ba ki taɓa ji ba. Ajiya ce."

"In ba su dawo ba fa, Inna?"

"Wa ya ce ki ƙirga masu dawowa? Riƙewa aka ce ki yi. In ta mutu a hannunki, ke kika san abin da za ki gaya musu."

Honor ta rasu a 1949. Daga wannan shekara alhakin amanar ya koma wuyan Delia ita kaɗai, kuma ta ɗauke shi da nauyin da ya wuce yadda surukar ma ta ɗauka. Burinta guda ne, ba ta kuma ɓoye shi ba: kafin ta bar duniya, ko da mutum ɗaya ne ya zo ya karɓi wutarsa daga hannunta, ta san riƙon bai tashi a banza ba.

Shekarun ƙaura

Shekarun 1950 su ne suka karya ƙashin bayan Drumaneel. Gona ba ta ciyar da mai ita, masana'antun Ingila kuwa suna neman hannu, sai gidaje suka fara rufewa bi da bi. A tsakanin 1950 da 1960 shebur shida aka sauke a murhun Delia. Hughie kan ce gidansa ya zama masaukin baƙi, sai dai baƙin nasa ba sa barin komai sai toka.

Wadda ta fi taɓa ta ita ce tafiyar gidan Gilhooly, maƙwabtansu na kusa, a watan Oktoban 1953. Bea Gilhooly aminiyarta ce tun daga aji ɗaya. Ta gangaro da shebur a hannu, mijinta na ɗauke da akwati, 'ya'ya shida na biye, autansu Fintan yana da shekara tara.

"Riƙe mini, Delia," in ji Bea, tana dariya hawaye na zuba. "Kar kuma ki dafe shayinki duka da rabona, na san halinki."

"Shekara nawa za ku yi?"

"Biyu. In ta yi tsanani uku."

Bea ta rasu a birnin Coventry a 1968, ba ta sake taka Drumaneel ba.

'Ya'ya

Allah ya albarkaci auren da 'ya'ya huɗu: Malachy a 1945, Attracta a 1948, Dessie a 1952, sai Colm a 1955. Ranar ɗaya ga Mayun 1957, Delia tana wajen tatsa, wani dillalin shanu ya biyo ta gidan, Hughie ya ba shi shayi, ya kuma bar shi ya ɗauki garwashi ya kunna lofensa ya fita yana zuƙa. Da ta dawo ta ji abin da ya faru, ta san an fita da albarkar gidan. A watan Yunin shekarar Colm ya kwanta da sanƙarau, bai yi mako ba ya cika.

Likita ya ce cuta ce da ke yawo a lardin. Fada, limamin cocinsu, ya ce mata haɗa mutuwar yaron da lofen dillali camfi ne, kuma zunubi ne ta riƙe shi a zuciya. Ta amsa da to, ta yi addu'o'in da aka ɗora mata, amma abin bai bar ranta ba. Ba ta taɓa ɗora wa Hughie laifi a gaban mutane ba, shi ma daga ranar bai ƙara yin wasa da maganar murhu ba.

An kawo wutar lantarki ƙauyen a 1959. Ta yarda da ƙwan fitila, daga baya ta yarda da rediyo, murhun lantarki kuwa ta ce a kai kasuwa. Ba ta kwana a wani gida, domin ba ta amince wa kowa ya binne mata garwashi ba, har da mijinta. 'Ya'yan suka girma suka bi sawun 'yan uwansu: Malachy ya tafi Coventry, Dessie ya tafi aikin gini a Landan, Attracta ta yi karatun jinya a Birmingham. A 1971, da aka tashi auren Attracta a can, Hughie ne ya tafi shi kaɗai da sabuwar kwat. Amaryar ta ce wa mahaifinta a gaban baƙi, "Ka gaya wa Mama na gode, na san toka ta fi ni a wurinta." Maganar ta iso gida, Delia ta ji zafinta ƙwarai, amma ko da za a sake ɗaura auren ba za ta je ba, ita ma ta san haka.

Hughie ya rasu a watan Nuwamban 1979 sakamakon ciwon zuciya. A lokacin gidaje huɗu ne kawai ke fitar da hayaƙi a Drumaneel, gonakin waɗanda suka tafi kuwa ana ta sayar da su ga masu dashen itatuwan katako, baƙin daji yana gangarowa daga saman tudu yana cinye shinge da rijiya.

Ɗaya ga Mayun 1984

Da hantsin ranar Talata, ɗaya ga Mayun 1984, wata mota mai lambar Ingila ta tsaya a ƙofarta. Wani dogon mutum ya sunkuyo ya shigo, ya yi sallamar da aka daɗe ba a ji ba a ƙauyen.

"Allah ya tsare mutanen gidan nan."

Ta dube shi, ta dubi manyan kunnuwansa, nan take ta gane jinin Gilhooly. Fintan ne, yana da shekara arba'in. An rufe masana'antar motocin da yake aiki, ya yanke shawarar dawowa gonar ubansa, ya iso tun jiya da matarsa Baturiyar Ingila da yara biyu, sun kwana a tsohon gidansu cikin sanyi domin ya hana a ƙyasta ashana. Tun suna jarirai yake gaya wa yaran cewa wutar kakarsu na nan da ranta a wani gida a bakin hanya, tana jiran su.

Delia ta rungume shi, ta ɗora tukunyar shayi. Shekara talatin da biyar tana jiran wannan rana. Sai ya koma mota ya dawo da sabon shebur, matar da yaran na tsaye a bakin ƙofa suna kallo. A nan ne ta tuna ko yau nawa ga wata. Attracta na da tsohon ciki a Birmingham, Dessie kuma kullum yana saman dogayen gine-gine.

"Fintan, ɗana, ka dawo gobe."

Ya yi dariya. "Haba Inna Delia, daga Coventry fa na taso. Gobe kuma ta mece ce?"

"Yau ɗaya ga Mayu."

A wurinta ta gama bayani, domin duk ɗan Drumaneel ya san abin da hakan ke nufi. Shi kuwa da ya bar ƙauyen yana ɗan shekara tara, ya girma a gidan da ake murɗa gas, ranar ba ta da wata ma'ana a wurinsa. Kunya ta hana ta ƙara ko kalma, saboda Fada ya riga ya kira abin camfi, ga kuma baƙuwa a tsaye tana saurare. Sunan Colm ya zo mata har baki, ta haɗiye.

"Wutar uwata ce fa," in ji shi, muryarsa ta sauka.

"Na sani. Gobe da sassafe."

Ya dubi matarsa, matar ta dubi ƙasa. Abin da ya fahimta shi ne an mayar da shi baƙo a gaban iyalinsa. Ya ajiye kofin shayin bai sha ba, ya ce Allah ya ba da haƙuri, suka fita.

Washegari tun kafin ta tatsi saniya ta zaɓi garwashi mafi kyau, ta ɗora a nata shebur, ta haura tudu tana kare shi da gyale saboda yayyafi. Ta tarar da ƙofa a kulle, sawun tayar mota ya nufi hanya. Ta juyo da wutar ta mayar inda ta ɗebo. Kafin ƙarshen shekarar aka sayar da gonakin Gilhooly ga masu dashen itatuwa, gidan kaɗai aka bari. Attracta ta haihu lafiya, Dessie bai faɗo ba, kuma har ta mutu Delia ba ta iya yanke wa kanta hukunci ba: ceton 'ya'yanta ta yi, ko kuwa amana ta ci.

Tsufa

Shekaru ashirin da suka biyo baya na fargaba ne. Duk Kirsimeti takan ba Malachy saƙon baki, tunda gari ɗaya suke da Fintan, cewa wutarsa na nan. Malachy kan ce ya isar, mutumin ya gyaɗa kai kawai. Maƙwabta suka ci gaba da ƙarewa, wasu zuwa gidan kula da tsofaffi, wasu zuwa maƙabarta. A 1998 Packy Travers, tuzurun da ya rage a saman tudu, ya rasu, ɗan ɗan'uwansa ya kawo garwashin a cikin bokitin ƙarfe yana jin nauyin abin da yake yi. Da shi wutar gidaje goma sha takwas, ban da ta gidanta, ta taru a murhu guda. Duk da haka ba ta daina fitowa da safe ta dubi rufin gidaje ba, ko da yake babu abin gani sai itatuwa.

A 2001 ta faɗi ta karya hannu, aka yi mata ɗori a asibiti, ta tayar wa ma'aikatan da hankali har sai da aka mayar da ita gida kafin faɗuwar rana. A kakar 2003 ƙarfinta ya ƙare, Attracta ta ajiye aiki ta zo jinyarta. Zaman bai zo da sauƙi ba, domin tsohon miki yana nan, amma dole ta sa 'yar ta koyi binne garwashi, uwar na kwance tana ba da umarni.

"Kin cika toka, za ki shaƙe ta."

"Mama, shekara talatin ina riƙe da ran mutane a asibiti."

"Mutane daban. Attracta, in na tafi, wa za ki kai wa?"

"Wa kuwa ya rage? Sai dai in kai wa itatuwa."

Delia ta juya fuskarta bango. Wannan ce tambayar da ta hana ta sukuni a watanninta na ƙarshe, domin al'ada ta tanadi maƙwabcin da za a kai wa wuta, ba ta tanadi abin da na ƙarshe zai yi ba. A cikin waɗannan watanni ne ta ba 'yarta labarin dillali da lofe da Colm, da abin da ya faru a 1984. Attracta ta kira Malachy a waya ta maimaita masa, ta ce wannan karon ya isar wa Fintan da saƙon gaba ɗayansa.

Rasuwa da jana'iza

Delia Keaney ta rasu da rana, ranar Alhamis 29 ga Afrilun 2004, a ɗakinta, tana da shekara tamanin da uku, ba tare da kowa ya karɓi wutarsa daga hannunta ba. An yi zaman makoki a gidan kamar yadda aka saba, aka tsayar da jana'iza ranar Asabar. A al'ada, idan an fita da gawa wata maƙwabciya kan tsaya ta kula da gida da murhu. Babu maƙwabciya, kuma a cikin ruɗanin fita babu wanda ya tuna. Sai a bakin kabari, ana cikin zuba ƙasa, Attracta ta tuna cewa ta bar wutar a buɗe tun safe ba ta ƙara mata ko tubali ɗaya ba. Ba ta tsaya karɓar ta'aziyya ba, ta sa Dessie ya ja mota.

Tun daga kwanar hanya suka hango hayaƙi. A gaban murhu suka tarar da wani dattijo mai furfura da manyan kunnuwa, ya tuɓe kwat yana gyara garwashi. Fintan Gilhooly ne, yana da shekara sittin, matarsa ta rasu, yaransa sun kama gabansu. Ya iso a makare, ya ga ayari ya wuce, ya ga ƙofa a buɗe ba kowa, sai ya shiga ya zauna.

Attracta ta ɗauko shebur ɗin mahaifiyarta ta miƙa masa. "Ɗebi, Fintan. Taka ce, shekara ashirin Mama tana faɗin haka."

Ya dubi shebur ɗin, bai karɓa ba.

"Yau nawa ga wata, Attracta?"

Ta sauke shebur ɗin. Ɗaya ga Mayu ce.

"Gobe ta ce in dawo," in ji shi. "Ki binne ta da kyau, kar ki cika toka."

Ya dawo da safiyar Lahadi, biyu ga wata, ya haura tudu da garwashin gidaje goma sha tara zuwa ɗaki ɗaya da ya rage da rufi a gidan ubansa.

An binne Delia a maƙabartar cocin gindin tudu, kusa da mijinta Hughie da ɗanta Colm. Ta rasu ta bar 'ya'ya uku: Malachy Keaney a Coventry, Attracta Dolan a Birmingham, da Dessie Keaney a Landan, tare da jikoki tara da tattaɓa-kunne huɗu, babu ko ɗaya daga cikinsu da ke zaune a Leitrim. An kulle gidanta a ƙarshen watan. Allah ya jiƙanta, ya ba ta hutun da ba ta samu ba a duniya.

A ƙidayar da ta biyo baya mutum ɗaya aka samu a Drumaneel. Masu wucewa ta bakin hanya da safe har yanzu sukan rage gudu su ɗaga kai su duba ko hayaƙi ya tashi daga cikin itatuwa. Fintan ya fara tsufa, kuma ba shi da maƙwabci.